Inci-Biyu da Rokokin Hajiya

Akwai wani mara tsoron Allah a layinmu, kuma har yau bai fito ya amsa laifinsa ba. Shi ne wanda ya laɓe a bayan jama'a ranar da Hajiya mai shaguna ta tambaya ko akwai wanda ya iya tashin roka, ya maƙe murya ya ce, "Inci-Biyu mana." Ya faɗa ya noƙe kai. Duk abin da ya biyo baya, tun daga ƙonewar rumfa har zuwa gemun mai lasifika da ya rage rabi, a wuyansa yake. Mutum uku nake zargi, kuma dukansu suna gaishe ni da safe da fuskar salihai.

Inci-Biyu kafinta ne, kuma mijin ƙanwata ne, don haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa ni magana. Shi Injiniya yake kiran kansa. Sunan da layi ya san shi da shi kuwa, daga teburin mai shayi ya samo shi. An kai masa teburin ne don ƙafa ɗaya tana ɗan rawa. Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Inci biyu zan rage, magana ta ƙare." Ya rage. Sai ƙafar da ke kusa da ita ta kama rawa. Ita ma ya rage mata inci biyu. Kafin yamma, teburin da mai shayi ke tsayawa ya yi aiki a kai ya koma ɗan abin da ko kaza sai ta duƙa za ta wuce ta ƙarƙashinsa. Da mai shayi ya zo karɓa, ya ce masa yanzu haka ake yayi a manyan birane. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya bar abu da tsawon da ya same shi ba.

Ba shi da shago. Bencinsa a ƙofar ɗakinsu yake, ƙarƙashin fallen kwano biyu. In ruwa ya sauko katako ya kumbura, in iska ta taso dusar katako ta shige ɗaki, inda ƙanwata ta matse keken ɗinkinta tsakanin gado da taga. Duk rigar da ta ɗinka sai ta kakkaɓe ta sau uku kafin ta miƙa wa mai ita, wasu ma sun daina kawo mata fararen kaya. Shekara bakwai tana cewa da Allah zai ba shi shago, da ta fito da kekenta ƙarƙashin kwanon nan ta sha iska kamar kowa.

Sai Hajiya ta gina shaguna shida a bakin titi. Biyar suka samu masu shiga tun fenti bai bushe ba. Saura na kwana, mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon titi ɗaya tana kallon layinmu. Mutum biyu suka sa masa ido: Inci-Biyu da Mai Walda, wanda shi ma a rana yake aiki. Kullum suna sintiri gidan Hajiya da gaisuwa, ita kuwa ba ta ce wa kowa i ba.

Ana saura kwana huɗu a buɗe shagunan, ta sa aka dire wani kwali a gabansu, muka taru.

"Ɗana ne ya aiko da wannan," in ji Hajiya. "Wai rokoki ne na wasan wuta, guda ashirin da huɗu. A tashe su ranar buɗewa, gari ya san an buɗe. Ni ban san gabansu ba, ban san bayansu ba. Wa ya iya?"

Kowa ya kalli Mai Walda, tunda da wuta yake cin abinci. Ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, ni wutar da na sani inda na ajiye ta take tsayawa. Wannan mai tafiya ban san halinta ba."

A nan ne muryar nan ta fito daga baya.

Inci-Biyu ya gyara fensirin kunnensa ya tako gaba. "Hajiya, tunda an tona ni, ba zan ɓoye ba. Shekara shida na yi a tashar jiragen ruwa. Duk jirgin da ya ɓace hanya, ni ake tasowa in harba rokar da za ta jawo shi gaɓa."

Sati uku ya yi a tashar nan, yana buga akwatunan kifi. Aka sallame shi saboda murafan ba sa kaiwa baki.

Hajiya ba ta son dogon zance. Ta ce, "To. Wanda ya tashi mini rokar nan ta hau sama lafiya, shagon kwana nasa ne. A gaban mutane na faɗa."

Mai Walda ya ce, "Haba Hajiya, wata biyu ina gaishe ki."

"Na amsa duka," in ji ta. "Kai ka ce ba ka iya ba."

Da yamma aka haɗu wajen mai shayi, kowa ya duƙa yana ɗaukar kofinsa daga teburin nan da ke ƙasa. Inci-Biyu ya zauna da kwalin a kan cinya kamar jariri, ba ya bari kowa ya taɓa. Mai shayi, wanda bai taɓa yafe masa ba, ya ce, "Injiniya, mu da ba mu je tashar jirgi ba, wai me ake nufi da roka?"

"Yaren matuƙan jirgi ne," in ji shi, ko tunani bai tsaya yi ba. "Ma'anarta, tashi ka ba ni wuri."

Akwai wani tsohon malamin makaranta da ke zama da mu, wanda ba ya fita sai da ƙamus a aljihun riga. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ba haka na karanta ba. Kalmar daga harshen mutanen Italiya ta fito. Asalinta 'yar sandar da masu kaɗi ke naɗa abin kaɗinsu a kai. Da aka ga abin ya yi kama da ita, ga kai mai kauri ga sanda, sai sunan ya bi shi. Kuma doguwar sandar da ke jikin irin waɗannan ita ke riƙe musu hanya, kamar jelar tsuntsu."

Inci-Biyu ya juyo a hankali. "Malam, ka taɓa tashin roka?"

"Ban taɓa ba."

"Ka taɓa riƙe ta?"

"Ka hana mu taɓawa."

"To ni na tashi ta fi dubu. Sandar nan mariƙi ce kawai, kamar tsinken alewa. Ka taɓa ganin wanda ya sha alewa ya haɗiye tsinken?"

Aka yi dariya, don mutanen layinmu duk wanda ya fi ƙarfin murya shi suke bi. Malam ya rufe ƙamusinsa ya ce, "Ranar zan zo da wuri in zaɓi kujera."

Washegari na je karɓar gudumata da ya ara tun bara, na same shi ya fara aiki. Ya ce ba zai kunyata Hajiya da aikin talakawa ba, akwati zai yi wa rokokin, mai rami ashirin da huɗu, da murfi mai ƙyalli da zai ɗaga a gaban jama'a. Katakon da ya yi saman akwatin da shi kuwa allon da ƙanwata ke shimfiɗa yadi ta yi yanka a kai ne. Ta fita sayen zare, ta dawo ta tarar da shi da ramuka kamar rariya.

"Baban yara, a kan me zan yi yanka?" in ji ta.

"A cikin shago mai ƙofa biyu za ki zo kina gaishe ni," in ji shi. "Ki yi haƙurin kwana uku."

Sai ya buɗe kwalin ya zazzage rokokin a kan benci. Kowace tana da kai kamar ƙaramin gwangwani, da ɗan lagwani a ƙasa, da siririyar sanda mai tsawon hannun mutum. Ya ɗauki ɗaya ya shafa sandar da yatsa, ya yi tsaki.

"Wane kafinta ne ya yi wannan? Ko gogewa bai yi ba. Dubi wannan, ta karkace. Wannan ta fi waccan tsawo. Abin kunya, a ce daga ƙasar waje aka kawo."

Ya jera su a ramukan. Suka tsaya suna lilo, sun fi akwatin tsawo nesa ba kusa ba, murfi ya ƙi ko kusantar rufuwa. Na ga hannunsa ya tafi bayan kunne. Na san abin da zai biyo baya.

Na ce, "Kai, ajiye fensirin nan kafin in kwaɗa maka gudumar da na zo karɓa."

"Yaya, gyaran rediyon da kake yi daban, ilimin sama daban. Inci biyu zan rage."

Ƙanwata ta ɗauko kwalin ta juya masa gefensa. "Ka duba hoton nan mana. Sandar da tsawonta take, kuma a cikin kwalba aka zura ta."

"Kwalba? Taron Hajiya guda, in zo in jera kwalabe kamar mai sayar da kananzir? Wannan hoton don waɗanda ba su da kafinta a gida aka yi shi."

Ya karɓi kwalin ya yayyanka shi ya yi wa ƙafafun benci matashi da shi. Ni kuwa na san in na ƙara minti biyar a wurin za a kira mana masu rabon faɗa, sai na ɗauki gudumata na fita. Ƙarar zarto ta raka ni har bakin titi.

Abin da ya faru a kwana biyun da suka biyo, daga bakin ƙanwata na ji. Ya rage inci biyu, murfi bai rufu ba. Ya ƙara biyu. Sai ya ga ba su yi daidai da juna ba, ya bi dogayen ya daidaita su da gajerun. Garin daidaitawa gajerun suka zama dogaye. Ya sake bi. Da aka wayi gari ranar Juma'a, abin da ya rage a jikin kowace roka bai fi ɗan yatsa ba, murfi kuwa ya rufu ruf, har da ɗan sauti mai daɗi. Ya yi ta buɗewa yana rufewa yana kiran masu wucewa su ji.

Sai ya ƙirga ya ga ashirin da uku.

Ya fita da zarto a hannu har inda Mai Walda ke aiki. "Fito mini da rokata."

Mai Walda ya ɗaga murfin fuskarsa. "Wace roka?"

"Wadda ka sace don ka ɓata mini lissafi. Rami ashirin da huɗu na huda."

"Ka duba ƙarƙashin benci. Wataƙila ka yi ta rage mata inci biyu har ta ƙare."

Aka taru ana ba su haƙuri. Inci-Biyu ya dawo yana cewa hassada ce ta hana layin nan ci gaba. Ƙanwata kuwa, kekenta ya ƙara gudu.

Wata matsalar kuma ta ɓullo. Tunda sandunan sun tafi, rokokin suka riƙa rawa a cikin ramuka, wannan ta kalli gabas waccan ta jingina da maƙwabciyarta. Shi kuwa ba abin da ya tsana kamar abu ya yi rawa. Ya ɗebo dusar katako busasshiya ya cusa a kowane rami ya danne da babban yatsa. Ya shafe akwatin ciki da waje da man ƙyallin katako, shafi uku, har kana ganin fuskarka. Daga ƙarshe ya tattaro lagwanan duka ya kitsa su wuri ɗaya, ya ce shi ba zai tsaya yana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon biskit a makaranta ba, ashana ɗaya ta isa.

Ranar Asabar aka kafa rumfar tamfol a gaban shagunan, aka jera kujerun roba, aka cika babban baho da ƙanƙara da kwalaben lemo. Aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofar shagon kwana don Hajiya ta yanka. Mai lasifika, wani mai dogon gemu da ake ɗauka haya, ya cika unguwa da sanarwa tun rana tsaka. Malam ya zo da wuri kamar yadda ya ce, ya ja kujerarsa bayan ginshiƙin siminti. Mai Walda ya zauna a sahun gaba da murfin fuskarsa na aiki a kan gwiwa.

Rana na faɗuwa Inci-Biyu ya iso, sanye da doguwar farar riga irin ta likitoci da ya aro a kemis, da hular kwano ruwan ɗorawa. Mutum biyu suka ɗauko masa akwatin suka ajiye a tsakiyar fili. Ya karɓe makirfo daga hannun mai lasifika.

"Hajiya, manyan baƙi, da masu hassada da ke sahun gaba. Abin da za ku gani yau, a tashar jiragen ruwa kaɗai ake ganinsa. Kowa ya ɗaga kansa sama. Wanda ya kalli ƙasa ya yi asara."

Ya ɗaga murfi. Aka tafa, don gaskiya akwatin ya yi kyau. Hajiya ta tsaya a bakin jan ƙyallen da almakashi a hannu, an shirya tana yankawa wuta na tashi. Mai Walda ya sauke murfi a fuskarsa. Malam ya ɗora ƙamus a ka.

Ya ƙyasta ashana.

Duk muka ɗaga kai. Sama tana nan yadda take, shiru, har da tauraro ɗaya. Sai muka ji abu ya wuce ta tsakanin ƙafafunmu yana huci.

Ta farkon ke nan. Ta bi ƙarƙashin kujeru tun daga sahun gaba har na baya, kowane sahu yana miƙewa in ta iso, kamar ana gaishe da babban baƙo. Ta biyu ta tashi kamar za ta yi abin kirki, ta kai tsayin mutum, ta yi tunani, ta juyo ta tsinke jan ƙyallen nan a gaban Hajiya. Hajiya ta tsaya da almakashi a buɗe, tana kallon guntayen biyu suna hayaƙi.

Inci-Biyu ya ce a makirfo, "Wannan gwaji ne. Kowa ya zauna."

Bai rufe baki ba dusar katakon ta kama, man ƙyallin ya karɓa, sauran ashirin da ɗaya suka tashi a tare, kuma babu biyu da suka yarda da hanya ɗaya.

Ɗaya ta faɗa bahon lemo ta yi ta zagaye a ciki tana tafasa ƙanƙara. Ɗaya ta shiga shagon kwana ta ƙofar titi, ta fito ta ƙofar layi, ta ga ba ta gama dubawa ba ta sake komawa. Biyu suka haɗu a saman rumfa suka huda tamfol suka zauna a kai suna zubo da taurari kore da ja a kan manyan baƙi. Wata ta zaɓi Mai Walda. Ya ruga, ta bi shi. Ya yi kwana, ta yi kwana. Da yake murfin fuskarsa baƙin gilashi ne ba ya ganin gabansa, sai da ya rungumi mai shayi suka zube tare a kan tulin kujeru, ta wuce ta samansu.

Mai lasifika ya ƙwace makirfonsa yana cewa, "Jama'a a kwantar da hankali, a fita a hankali, mata da yara su fara," sai wata ta shafi gemunsa ta gefen hagu. Sauran sanarwar da unguwa ta ji ba irin wadda ake rubutawa ba ce.

Wata mata mai jiki da ke sayar da atamfa a shago na biyu ta tsallake baho da tsalle ɗaya, abin da 'ya'yanta suka ce ba su taɓa sanin tana iyawa ba. Wani baƙo mai babbar riga ya shige ƙarƙashin tebur ya tarar da mutum huɗu sun riga shi. Ni kaina ban gudu ba, na dai je duba wani abu ne a bayan motar Hajiya.

Shi kuwa gwanin, yana tsakiyar fili yana zagaya akwatin yana ƙoƙarin rufe murfi, wai ya tsare sauran. Ta ƙarshe ta fito ta ƙarƙashin hannunsa, ta shige cikin farar rigar ta baya, ta fito ta wuya, ta tafi da hular kwanon. Hular ce kaɗai abin da ya hau sama a aikinsa, ita ma a kan rufin shago na uku ta tsaya.

Cikin hayaƙin nan na hango ƙanwata. Ta jiƙa wani tsohon bargo a ruwan bahon lemo, ta zo ta kifa wa akwatin. Ta ɗebi ruwa a bokiti ta watsa wa tamfol, ta juyo ta watsa wa mijinta sauran, don bayan rigarsa na hayaƙi. Wuri ya yi tsit. Aka fara fitowa daga maɓoya ana duba jiki. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, in ka cire gemu da mutunci.

Hajiya ba ta matsa daga inda take ba. Ta rufe almakashin a hankali.

"Injiniya."

"Na'am, Hajiya."

"Jiragen nan da kake jawowa gaɓa, akwai wanda ya iso?"

Ya share ruwa daga fuska. "Hajiya, kayan ne jabu. Kuma iskar yau ba ta aikin roka ba ce. Sannan an sace mini ɗaya, lissafin ya karkace."

Malam ya leƙo daga bayan ginshiƙi ya ce, "Ashe da gaskiyarka a kan ma'anar. Ba wanda bai tashi ya ba ta wuri ba."

A nan ƙanwata ta matso, ta ɗan rusuna. "Hajiya, ba sace ta aka yi ba. Ni na ɗauke ta tun ranar da ya fara yanka, na ɓoye a cikin naɗin yadi." Ta kwance wani ƙyalle da ta zo da shi, sai ga roka ta ashirin da huɗu, da sandarta doguwa, karkatacciya, mara guga, yadda aka kawo ta.

"Maman yara, ajiye abin nan," in ji Inci-Biyu. "Ba aikin mata ba ne. Kawo in ɗan daidaita miki ita."

Wannan karon na riƙe masa hannu ta baya, Mai Walda ya riƙe ɗayan. Tun da muke, ni da Mai Walda ba mu taɓa haɗuwa a kan abu ɗaya ba sai ranar.

Ta ɗauki kwalbar lemo da ba komai a ciki, ta kai ta can tsakiyar fili, ta tara mata yashi a gindi. Ta zura sandar a ciki sakwa-sakwa, kamar yadda ta gani a hoton. Ta ce kowa ya ja baya, kuma ba ta sha wahalar faɗa sau biyu ba. Ta kunna, ta dawo da sauri ta tsaya kusa da Hajiya.

Rokar ta yi huci, ta zare sandarta daga kwalba, ta miƙe sama sak kamar an ja ta da zare. Ta yi ta tafiya har wuyanmu ya gaji. Sannan ta buɗe, fari da shuɗi da ruwan zinariya, ta rufe saman layin gaba ɗaya, har mutanen tsallaken titi suka fito suna tambayar me aka buɗe. Masu gudu suka dawo. Aka tafa, tafin gaske wannan karon.

Hajiya ta buɗe jakarta ta ciro mukulli.

Inci-Biyu ya fizge hannunsa ya gyara abin da ya rage na rigar kemis, ya miƙa tafi biyu. "Na gode, Hajiya. Kin ga abin da nake faɗa. In kayan na ƙwarai ne, haka aikina yake."

Hajiya ta zagaye hannun nasa kamar ana zagaye kwata, ta sa mukullin a hannun ƙanwata.

"Na ce wanda ya tashi roka ta hau sama. Ban ce kafinta ba. 'Yata, ranar Litinin ki kawo kekenki."

Mai Walda ya buɗe baki, ta ce, "Kai kuma ƙofofin nan biyu sun sha wuta, aikinka ne, kuma rumfar ƙarfe nake so a gaban shagunan duka, na gaji da tamfol." Ya rufe bakin yana murmushi.

"Ni fa, Hajiya?" in ji Inci-Biyu.

"Ka hau ka sauko wa masu kemis da hularsu."

"Hular ba tasu ba ce, rigar ce tasu."

"To ka san abin da za ka gaya musu."

Yanzu wata huɗu ke nan. Ƙanwata tana shagon kwana, iska na shiga ta ƙofa ɗaya tana fita ta ɗaya, masu fararen kaya sun dawo har da ƙawayensu. Kwalbar lemon nan tana kan taga, ta sa furen roba a ciki. Shi kuma yana nan ƙarƙashin fallen kwanonsa biyu, sai dai yanzu dusarsa shi kaɗai take damu. Kada ka ɗauka ya yi laushi. Jiya na same shi wajen mai shayi yana gaya wa wani baƙo cewa dabara ce ya shirya tun farko: ashirin da ukun na share fage ne, don idon jama'a ya saba da haske, ta ƙarshen kuma shi ya koya wa iyalinsa a ɓoye. "Shago dai ya shigo gidana ko bai shigo ba?" in ji shi. Baƙon ya gyaɗa kai. Daga bayanmu wani ya ce, "Sai Injiniya." Na juya da sauri, kowa yana hura shayinsa.

Ƙanwata, don ta rufa masa asiri, ta ba shi aikin kantocin da take jera yadi a kai. Ta auna bangon da kanta, ta rubuta masa a takarda, ta tsaya a kansa har ya yanka. Sau ɗaya ta juya ta amsa gaisuwar wata mai kawo ɗinki. In kana ganin na ƙara gishiri a labarin nan, shagon yana nan a kwana, ƙofa biyu a buɗe. Ka zo da abin awonka ka sa tsakanin bakin kantocin da bango, ka ga inci nawa ya rage, sannan ka dube ni ka ce ƙarya nake.